Kunnen Baba

Litinin, 3 ga Maris
Na yi ta ce wa Baba ga ruwan wanka, bai juyo ba, sai da na zagayo ta damansa. Wai muryata ce kamar ta sauro. Na yi dariya, amma gabana ya faɗi. Mutumin da da kunnensa muke ci.

Laraba, 5 ga Maris
Na ji su da Mama a kicin. Kunnen hagun ya tafi gaba ɗaya, na daman ma in ya fara duka sai ƙarar ganguna ta rufe komai. Mama ta ce gara ya faɗa wa mutanen situdiyo. Ya ce, "Makaɗin haya ne ni. Yau masu waƙar soyayya, gobe masu talla, jibi masu fim. Sunana ba ya kan faifan kowa. Ranar da aka ji na kurmance, wa zai sake nemana?"
Na koma ɗaki na buɗe littafin soyayyar da na aro wurin ƙawata. Jarumin na tsaye cikin ruwan sama yana jiranta. Layi ɗaya na yi ta maimaitawa.

Asabar, 8 ga Maris
Ashe akwai wani ƙas-ƙas da ake saka wa makaɗi a abin kunne, shi ke riƙe masa lokaci kada ya yi sauri ko ya ja baya. Shi ne Baba ba ya ji yanzu. Dabararsa: in zauna a ɗakin injiniya, bayan gilashi, inda ƙas-ƙas ɗin ke fita a lasifika, in riƙa buga hannu a gwiwa, shi kuma yana kallona ta wutsiyar ido. Zai ce kallo ya kawo ni.
Ni fa. Da ko a aji aka kira sunana sai murya ta maƙale.
Baba ya ce, "Uwata, hannu nake so, ba baki ba."
Mun gwada da agogon bango har tafina ya yi ja.

Litinin, 10 ga Maris
Waƙoƙin SHI za a ɗauka gobe. Mawaƙin da hotonsa ke ɓoye cikin littafin lissafina. Na kasa cin abinci.

Talata, 11 ga Maris
Ɗakin sanyi ƙalau, sai warin tsohon kafet. Da farko lafiya lau. Baba ya buga mai taushi, ya juya ya buga mai zafi, injiniya har gyaɗa kai yake.
Sai shi ya shigo, turarensa ya riga shi. Ya zauna daf da ni. "'Yar wa ce wannan mai kunya?" Wallahi ban san lokacin da hannuna ya yi sanyi ba, ina can ina tunanin abin da jarumar littafi za ta amsa. Baba ya biyo ni. Kiɗan ya ja baya, ya wargaje.
Mawaƙin ya danna maɓallin magana. "Dattijo, ko tsufa ne? Akwai yara masu jini a jika a waje fa."
In ce ni ce, na tona Baba. In yi shiru, ya sha kunyar da ba tasa ba. Na yi shiru.
Baba ya daɗe yana kallona. Sai ya cire abin kunnen ya ajiye a kan ganga. "Ba na jin ƙas-ƙas ɗinku. Yarinyata nake bi, kuma na ɗora mata abin da ba nata ba."
Muka tattara kayanmu. Muka shiga mota, sai gida.

Laraba, 12 ga Maris
An ba wani sauran waƙoƙin.

Asabar, 15 ga Maris
Wayar Baba na kan tebur, kowa ya wuce sai ya saci kallonta. Na kama Mama tana duba ko a kashe take. Shi kuma yana ta goge gangunan da ba su yi ƙura ba. Bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi.

Talata, 18 ga Maris
Injiniya ya kira. Tallar sabulu ce kawai. Wai ya haɗa wata 'yar fitila mai ƙiftawa tare da ƙas-ƙas ɗin, "da ka faɗa tun farko, Dattijo." Baba ya ce to, kamar ba komai, ya shiga ɗaki ya daɗe.
Ke nan ba a bukatata. Madalla ai.
Na cire hoton daga littafin lissafi, shafi kawai yake ɓata mini. Ɗaya littafin kuma na mayar wa ƙawata ban kai ƙarshe ba. Ta ce jarumin ya auri jarumar, na ce to.
Tsofaffin sandunan kiɗan Baba, masu tsagaggen baki, suna ƙarƙashin filona. Ajiye masa na yi. Filo dai ba ya ƙara in an buga shi, babu wanda ya ji.