Kujerata da Turmin Hajiya Rahmatu

Kurfi,
Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga mijina Abdullatif, hasken idona, ruwan farkon damina, sanyin randa da tsakar rana, inuwar tsamiyar da raina ke hutawa a ƙarƙashinta, mutumin da ƙasar Katsina kaf ta shaida bai taɓa ɓata wa kowa rai ba, in aka cire matarsa.

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Inna, da motar, da duk buhunan da ke cikinta. Ka gaishe mini da su ɗaya bayan ɗaya, musamman turmin Hajiya Rahmatu, wanda na ji an ce ya gaje ni tun ina da rai.

Kai ka turo ni gida Kurfi in yi wa Malam da Umma sallama, kafin mu kama hanyar da muka daɗe muna shiri, daga Dutsin-Ma har Andalus ta Turai a mota. Na zaga dangi, na sha addu'a har kaina ya yi nauyi. Sai jiya ƙanwarka Muhsina ta zo, ta zauna tana ta murza bakin mayafi, da ƙyar maganar ta fito. Wai ka kai motar gareji an kwance kujerar gaba, ta kusa da direba, an jingine ta a zaure. A gurbinta an kafa turmi da taɓarya, an cusa buhun daddawa a gefe. Wai in yi haƙuri, hanya da wahala, bari ka fara zuwa ka gano ta, in Allah ya kai mu wata shekara sai mu tafi tare. Wai ka ce ni mai fahimta ce. Wallahi, masoyina, ban taɓa jin yabon da ya ƙona ni irin wannan ba.

Ba sai an ba ni labarin yadda aka yi ba, na san mijina. Tun ranar da ka tsaya a ƙofar masallaci ka ce za ka bi ta Kwatano da Lome da Kumasi da Abijan da Dakar, ka ratsa hamada zuwa Maroko, a ɗora motar a jirgin ruwa a tsallaka da ita Turai, na san mun shiga uku. Wa ya taɓa jin matafiyi ya fita garin nan ba sallahu? Gwaggo Kande ta taso daga Wurma da daddawa, a kai wa ɗanta a zangon Kumasi. Alhaji Kyauta na Birchi ya aiko kuka da busasshiyar kuɓewa, na ƙaninsa da ke Lome. Wani tsoho da ko sunansa ba ka sani ba ya miƙa maka guntun zare, ya ce awon ƙafarsa ne, a sayo masa takalmi a Maroko. Ita kuwa Hajiya Rahmatu ta Rawayau ta ɗauro turmi a bayan babur, a kai wa 'yarta Abijan, wai turmin can ba ya fitar da fura yadda ya kamata. Kai kuma, zinariyata, kowa ya zo sai ka russuna ka sa hannu biyu ka ce, “Ba komai, ai akwai wuri.” But ɗin motar ya cika, akwai wuri. Kariyar da ke saman rufi ta cika har motar ta tsuguna, akwai wuri. Kujerar baya ta ɓace, akwai wuri. Da wurin ya ƙare da gaske, ka waiga ka duba wa za ka iya saukewa ba tare da ka ji kunya ba, sai idonka ya faɗa kaina.

Ka tuna yammar da ka kai ni bakin dam ɗin Zobe, muna sababbin aure? An ɗauke ruwa ke nan, ƙasa na ƙamshi, masunta na jawo komarsu. Ka tsinci kara ka zana mini duniya a kan jiƙaƙƙen yashi, ga mu nan, ga teku, ga hamada, ga can inda malaman da kake karanta littattafansu suka yi zamani. Kana cikin bayani wata saniya ta zo shan ruwa ta taka Maroko, ka bi ta da kara kana faɗa kamar gonarka ta shiga. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Da muka koma mota ka buɗe mini ƙofa, ka dafa kujerar nan ka ce, “Sa'a, wannan taki ce har bakin teku, har bayan teku.” Ni kuwa sakarya na yarda, har na ɗinka mata riga da hannuna. Muhsina ta ce yanzu kyanwar Inna ce ke kwana a kai.

Ya kai farin watan zuciyata, don wa na koyi Faransanci har harshena ya kusa karyewa? Don wa na durƙusa a tsakar gida da jak da sifana ina koyon canza taya, matan unguwa na leƙowa ta katanga suna salati? Don wa na bar ɗinkin mutane na je na yi layin fasfo da biza, aka tsira mini allurar shawara, hannuna ya kumbura? In barci ya fara fizgarka a doguwar hanyar Muritaniya, turmi ne zai taɓa kafaɗarka ya ce ka tsaya ka sha shayi? In jami'in kan iyaka ya yi maka tambaya da yaren da ba ka ji, taɓarya ce za ta amsa? Daddawa kam na yarda za ta yi magana. Tun kana nesa da kwastan ɗin Turawa za ta riga ka yin sallama.

Na so in yi fushi irin na gaske, in kashe waya, in bar ka da buhunanka. Na kasa. Kunyar nan taka da ta kore ni daga mota, ita ce abin da na fara so a wurinka, tun kana zuwa ɗaukar karatu zauren Malam, in na miƙo ruwa ka karɓa kanka a ƙasa. Ina son ka, Abdullatif, son da ba shi da birki. In ka fita kasuwa kawai gidan yakan yi mini faɗi, balle ka tsallaka teku. Amma abin da ya fi yi mini ciwo shi ne wannan: a duk faɗin duniyar da ka zana a yashi, ni kaɗai ce kake iya ce wa a'a. Na san za ka ce don na fi kowa kusa da kai ne. To, wannan kusancin ya yi mini tsada, har ya kai ni zaure.

Da safen nan na kai wa Malam kunu, ya ga idona, ya tambaya, na faɗa masa komai. Ya ci gaba da jan carbi, sai na ga kafaɗunsa na rawa, ashe dariya yake. Da ya gama ya share ido ya ce, “To, ai ni ma ina da sallahu. Ki ce wa Abdullatif ina nan tafe Dutsin-Ma ranar Juma'a.”

Don haka shirya, ɗan albarka. Malaminka kuma surukinka zai tsaya a ƙofar gidanka da saƙo guda. Saƙon ba ya shiga but, ba a ɗaure shi a kariya, ba a ɗora masa buhu. Yana cin abinci, yana salla, yana da surutu. Ba a ajiye shi a Kumasi ko Abijan, sai an kai shi har Andalus ya ga abin da aka yi masa alkawari, sannan a dawo da shi lafiya. Ni da kai mun san abin da za ka yi. Za ka cire takalmi, ka russuna, ka sa hannu biyu ka ce, “Ba komai, Malam, ai akwai wuri.”

Ka ga ke nan tafiya kam zan yi ta, wannan ya wuce. Saura abu ɗaya, shi ne dalilin da na zauna ina rubutu maimakon in bari Juma'a ta yi aikinta. A'ar nan guda ɗaya tak da Allah ya hore maka, wadda kake adana mini, don girman Allah ka ara wa Hajiya Rahmatu ita. Ka ɗauki turminta ka mayar mata Rawayau da kanka, ka ba ta haƙuri, ka sha kunyar, ba ta kisa. Sannan ka kori kyanwa, ka kakkaɓe rigar kujerar, ka ɗauki sifana ka ɗaure kujerar a inda take tun kafin mu iso. Zan leƙa ta gilashin motar kafin Malam ya buɗe baki. In na tarar da turmi, zan shiga, zan karanta maka taswira, zan dafa maka shayi har Turai, ba za ka ji ko uffan daga bakina ba. Sai dai duk tsawon hanyar nan zan san cewa kunyar Malam ce ta ɗauko ni. Ni kuwa so nake mijina ya ɗauke ni.

Taka a kujerar gaba, taka ko a zaure, taka har bakin teku da bayan teku, har ranar da za a raka ɗayanmu tafiyar da ba a karɓar sallahu,

Halimatussa'adiya.