Faifan da Ke Ƙarƙashin Likkafanina

Assalamu alaikum, masu wannan shafi da masu karanta shi. Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, ina faɗa ne wata maƙwabciyata tana rubutawa. Don Allah ku ji ni zuwa ƙarshe kafin ku yanke min hukunci. Da tatsuniya ce da tuni na ce ƙurunƙus na huta.

A Doha ta ƙasar Ƙatar nake, a unguwar Garrafa, wurin ɗana injiniya. A gidan nan ni ce mai hana kiɗa. Jikoki suka kunna waƙa, ni ce mai tsawa, ni ce mai tuna musu kabari. To ana nan ana nan, wata rana direban gidan, bari in kira shi Sale, ya kai ni unguwar Muntaza sayen turaren wuta. Sai na ji wata waƙar Indiya tana fitowa daga wani shago, wadda mijina marigayi Malam yake rera min ƙasa-ƙasa yana gyaran kekensa, muna sabon aure. Ƙafata ta ƙi gaba. Na ce, "Sale, shiga ka sayo min faifan nan." Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ashe ana taɓawa?" Na ce, "Rufe min baki, ja'iri."

Na bari sai da gida ya watse da hantsi, na sa faifan a kwamfutar ɗana yadda nake ganin yara suna yi. Wani rubutu ya fito, na danna, ya tafi. Na ji waƙata, na sha kukana, na cire faifan na tura ƙasan akwati, ƙarƙashin likkafanin da na tanada. Ina ni ina sanin faifai yana da ciki? Ashe masu yin sa sun dasa masa wani abu, wai don kada a kwafe musu waƙa. Abin ya shige kwamfutar ya maƙale kamar kaska, ya buɗe wa kowace cuta ƙofa. Ba a daɗe ba ta rikice, duk abin da ke ciki ya tafi. Har da muryar Malam, addu'ar da ya yi ranar sunan jikarmu ta fari. Kaset ɗin asali ya daɗe da lalacewa, ta cikin kwamfutar kaɗai ta rage mana. Na je neman inuwar muryarsa, na kashe muryar da hannuna.

Yanzu magana ta fasu. Ɗana ya nuna min a talabijin, mutane ƙasa-ƙasa suna mayar da irin faifan nan shaguna, suna tsine wa kamfanin, sun rantse ba su ƙara saye. Ya ce, "Inna, dubi zalunci, ka sayi abu da guminka ya zo ya ci maka gida." Na ce, "Allah ya isa." Da bakin nan nawa na faɗa! Mai gyaran kwamfuta kuwa ya riga ya gaya masa faifan Indiya ne ya jawo, kuma kowa ya san Sale da waƙar Indiya a mota. Ɗana ya kira shi a gabana ya ce, "Kai ne?" Sale ya dube ni sau ɗaya, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ka yi haƙuri, Yallaɓai." Ɗana ne kafil ɗinsa, a hannunsa takardar zamansa take. Ya ce shi ke nan, in wata ya ƙare Sale ya koma garinsu Gusau. Mutum mai mata da 'ya'ya, da tsohuwa irina da yake ciyarwa.

Jiya ya kai ni asibiti. A hanya na ce, "Sale, me ya hana ka faɗa?" Ya ce, "Hajiya, ɗa ba ya kwance wa uwa zani a kasuwa. Arziki na Allah ne." Ya miƙa hannu zai kunna rediyo, sai ya janye.

Tun ranar, da na tayar da sallah waƙar nan ke zuwa kunnena, muryar Malam kuwa ko na nema ba ta zuwa. In na faɗa, da wane ido zan dubi ɗana, ni da na raba shi da muryar ubansa, na kuma zauna ina kallo aka kori bawan Allah? In na yi shiru, ranar da masu wanka za su ɗaga likkafanin nan me za su gani? Sale ya fara ɗaure kayansa. Jama'a, me zan yi?