Ƙarar Katakon Raga

Kafar Nagdi, farkon Shawwal

Zuwa ga Ustaz Mitwalli, mijin ƙanwata Nabawiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta Musulunci, wadda ba a hana kowa, ina fatan kana lafiya kai da mutanen gidanka. Ka gaishe mini da Nabawiya, in har tana tuna tana da wa a duniya.

Tun shekarar girgizar ƙasa, wadda hasumiyar masallacinmu ta tsage, ban ce maka uffan ba, kuma ka san dalili. Na rantse a filin hoki gaban jama'a cewa bakina ba zai sake yi maka magana ba. Na tambayi liman ko takarda magana ce, ya ce a'a. Shi ya sa nake zaune a kujerar Usta Fahim wanzami, ina faɗa yana rubutawa, tunda ni ban shiga aji ba irinku. In ya gama zan kai wa Girgis mai kantin magani ya karanta mini, don Fahim yana da halin zuba wa magana sukari.

Direban bas ya kawo saƙonka, wai ka samu kujerar Hajji bana, kana neman gafarata. Allah ya kai lafiya. Amma gafarar me?

Bari in tuna maka, ko ka manta. Wasan ƙarshe na kofin gunduma, mu da 'yan ƙauyen Izbat Sabbahi, ana kunnen doki, rana ta yi ja. Aka ba mu bugun kwana. Ɗana Ragab ya ɗora sandarsa a kan ƙwallo. Har jaririn garin nan ya san dokar: bugun farko na kwana ba ya wuce tsayin katakon da ke gindin raga, in ya wuce ba a ci ba. To, ta bugi katako. Ni na zuba farar ƙasar layukan filin da hannuna, ina tsaye bayan ragar da bokitina, na ji ƙarar har cikin haƙorina. Kai kuma da usur a baki ka ce ta yi sama. Daga nan suka cinye mu, suka tafi da kofin a bayan tarakta suna buga mana ganga.

Tun da saƙonka ya iso shagon shayin Dasuki ya kama da wuta. Dasuki ya ce wanda bai yi laifi ba ba ya neman gafara, saboda haka ka amsa ke nan, har ya raba shayi kyauta, abin da bai yi ba ko ranar auren 'yarsa. Fahim ɗin nan da ke rubutawa ya ce duk mai tafiya Makka yana neman gafarar kowa, har kyanwar maƙwabta. Ni ban shiga ko wane ɓangare ba. Na san ka. Mutumin da ya karantar da nahawu tsawon rayuwarsa ba ya sakin kalma don Allah kawai.

Don haka ka rubuto mini a fili: ƙwallon Ragab ta ci. Layi ɗaya ne. In na ji shi daga bakin Fahim da na Girgis, na yafe.

Wassalam.
Sha'lan Abu Ragab

*

Abu Hammad, tsakiyar Shawwal

Zuwa ga babban yayanmu, mai daraja Abu Ragab, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana.

Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuhu. Takardarka ta iso, na karanta ta a tsaye. Nabawiya tana gaishe ka, tana kuma tuna tana da wa fiye da yadda kake zato.

Ka tambaye ni gafarar me. Gafarar shekarun da uwarku ta yi tana cin abincin Salla a gida biyu. Gafarar ranar da na zo ta'aziyya na kasa ƙarasowa inda kake. Da duk wani abin da na sani da wanda ban sani ba. Amma hukuncin wancan yammacin ba ya ciki. Abin da idona ya gani na busa: ƙwallo ta shiga sama da katako. Da zan ce maka wani abu daban don ka saki fuska, da na sayi gafararka da jabun kuɗi.

Ina roƙonka ka gaya wa Dasuki ya karɓi kuɗin shayinsa.

Akwai wata buƙata. Ka san ba a barin bangon mahajjaci fayau, kuma daga nan har Zagazig babu hannun da ya kai naka a zanen Ka'aba da jirgi. Na ga wanda ka yi wa Hajiya Sakina mai tanda, har raƙuman suna kamar za su taka. Zan so a ce kai ka yi nawa. In ba zai yiwu ba, babu komai.

Ƙaninka mai girmama ka,
Mitwalli Abdul-Gawad

*

Kafar Nagdi, ƙarshen Shawwal

Zuwa ga Ustaz Mitwalli.

Salamu alaikum. Muna lafiya, sai gwiwa.

An karanta mini takardarka sau biyu, kuma karatun ya zo ɗaya. Da aka zo wajen raƙuman Hajiya Sakina sai na ce wa Girgis ya tsaya. Yaushe ka fara yabon hannuna? Shekara da shekaru ina zuba layi a filin da kake alƙalanci, ba ka taɓa cewa ya miƙe ba, sai dai ka auna shi da ƙafa kana taɓe baki. Yanzu kana neman abu a wurina, raƙumana sun fara tafiya.

Katakon nan yana nan. Ni na ɓalle shi daga ragar a ranar, yana rataye a shagon Dasuki sama da rediyo, da lotsawar ƙwallon a jikinsa, yatsa biyu ƙasa da baki. Kowace Alhamis bayan la'asar sai an sake buga wasan a kan tebur: ƙwayar domino ce raga, sukari ne ƙwallo, gishiri kuma kai ne. Tsofaffin Izbat Sabbahi ma suna zuwa a kan kekunansu don kawai su ce lotsawar ta atisaye ce. Shekaranjiya wani cikinsu mai haƙori ɗaya ya ce wai ƙarar da muka ji takalmin mai tsaron gidansu ne. Na ce masa in takalmi na yin wannan ƙara, ya kawo kansa mu gwada da sanda a ji bambanci. Haka muke. Da wannan muka tsufa.

Amma su wasa suke, ni ba wasa nake ba. Ragab ya rataye sandarsa a makon da aka yi wasan bai sake taɓa ta ba. Ya tafi Libiya aikin gini, aka dawo mana da shi a akwati. Ban ce kai ka kashe shi ba, kwanansa ne ya ƙare. Sai dai a bangon kulob ana rubuta sunan duk wanda ya taɓa ci mana a wasan ƙarshe, nasa babu. Yaran da ke wasa yanzu a kan shimfiɗar roba suna tambayata wane ne Ragab. Ni kaɗai na rage da ke iya faɗin sunayen 'yan wasanmu tun zamanin da ake sassaƙa sanda da icen tut, kuma in na zo kan ɗana sai in ce musu, wanda ya kusa ci.

Tunda ka ce har abin da ba ka sani ba kana neman gafararsa, ga wanda na sani. Wata bai cika ba bayan wasan aka ga jar karsana mai farin goshi ɗaure a tsakar gidanka. Albashin malamin makaranta ba ya haihuwar karsana. Dagacin Izbat Sabbahi kuwa jajayen shanu gare shi, kowa ya sani. Ban taɓa faɗa a shagon Dasuki ba saboda Nabawiya, amma ban taɓa mantawa ba.

Ka amsa wannan kafin ka ɗaura harami. Bango kuwa ka nemi mai fenti a garinku.

Wassalam.
Sha'lan

*

Abu Hammad, Zulƙida

Yaya,

Gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ni ce Nabawiya, kuma da hannuna nake rubutawa, mijina ya koya mini abin da ka ƙi yarda a koya maka. Ka ce wa Usta Fahim ya karanta yadda na rubuta, kada ya rage ko ɗigo.

Jar karsana mai farin goshi! Yaya, ba ka ji kunya ba? Karsanar gidanmu ce. Kai da kanka kake yanko mata ciyawa a bakin magudana. Lokacin da na haifi Wafa ka hana Inna ta tako gidana, shi ne ta ba Am Sayyid mai amalanke ya kawo mini ita don in samu madara nan gaba, kai kuma ta ce maka ta sayar a kasuwar Talata. Har faɗa ka yi mata wai an cuce ta a ciniki. Da ka taɓa leƙo ƙofata sau ɗaya da ka gane abarka. Amma ka zauna a shago an kawo maka labari, ka ajiye shi a ciki kamar tsami a tulu duk shekarun nan. Ga mai riƙe tarihin gari, bai san saniyar uwarsa ba.

Mijina ya karanta maganar dagaci. Ya tashi ya yi alwala ba lokacin salla ba.

Yanzu ka ji abin da ya hana ni faɗa. Zuciyarsa ta lalace. Likita ya ce masa zafin Makka da cunkoso ba nasa ba ne, ya ce ya ji, ya je ya sayo likkafani ya sa a ƙasan jaka yana zaton ban gani ba. Bas ɗin mahajjata zai tashi ranar Asabar ta sama. Ba na jin yana lissafin dawowa.

Na ce masa, bawan Allah, rubuta masa layin nan mu huta, ƙwallo ce fa. Ya ce ba zai shiga ɗakin Allah da ƙarya a aljihu ba. Na ce to kai da Yaya Allah ya haɗa ku, duwatsu biyu, ni ce hatsin da ke tsakani. Usur ɗinsa tun ranar nan bai sake kai shi baki ba, ko ka sani? Ragab ɗana ne ni ma. Ni na goye shi lokacin da uwarsa ke ciwo.

Kai kullum tambayarsa kake abin da ya gani. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi na ce masa ya faɗa maka sauran. Takardarsa tana cikin tawa.

Ƙanwarka,
Nabawiya

*

Yaya Abu Ragab,

Bayan gaisuwa da girmamawa. An tilasta mini, kuma wataƙila an yi daidai.

Na ji ƙarar. Ina kusa da raga fiye da kowa ban da kai, na ji ta sarai, ƙarar katako ce ba ta takalmi ba. Idona ya ce sama, kunnena ya ce katako, kuma an koya mana mu busa abin da muka gani. Rana tana fuskata a lokacin. Har yau ban san wanda ya yi gaskiya a cikinsu ba, don haka ba zan rubuta maka ta ci ba, ba kuma zan sake cewa na tabbata ba ta ci ba.

Ban taɓa ganin bugu mai kyan na Ragab ba, kafinsa ko bayansa. Wannan na tabbata.

A yafe ni ko kada a yafe, ina yi maka addu'a a can.

Mitwalli

*

Kafar Nagdi, Laraba

Mitwalli,

Salamu alaikum, kai da Nabawiya.

Wannan karon mutum uku na sa suka karanta, har da liman. Duka sun ce an rubuta "na ji ƙarar." Na sa liman ya ɗora mini yatsa a kan wurin.

Maganar karsana ban gama da ita ba. Tamu tana da tabo a kunnen hagu, zan tambayi Nabawiya in ji ko za ta faɗa ba tare da na tuna mata ba. A shago kuwa Dasuki ya ce rabin ci ne, mai haƙori ɗaya ya ce babu rabin ci a hoki, aka kifar da tebur. Ban tsaya ba. Na sauko da katakon na kawo shi gida.

Shekarun nan duka ana ce mini kunnen uba ne. Ashe mu biyu muka ji.

Na yafe maka abin da ke tsakanina da kai. Na ido da kunne kuwa, ka kai su can su yi shari'arsu. Rantsuwata tana nan, liman ya ce akwai kaffara, zan duba in gani.

Gobe da safe zan shiga bas ɗin farko da bokitina da burushi. Zan shafe bangon, in zana Ka'aba da jirgi da sunanka, Fahim ya rubuta mini shi a takarda in kwaikwaya. A ƙasa kusa da ƙofa zan zana raga da katakonta, da ƙwallo a jikinsa, yatsa biyu ƙasa da baki, inda ba rana a fuskar kowa. Kada ka nemo wanda zai riƙe mini tsani. Kai za ka riƙe.

Sha'lan