Tsamin Cinya da Tsamin Gasara

Zuwa ga Larai mai kokon Gagarawa, inuwar tsamiyata, ruwan randata da tsakar rana, wadda ludayinta ya fi na kowa albarka. Gaisuwa mai tarin yawa daga Cindo mai jakai, wanda yau kwanansa uku a kan tabarma.

Ya sanyin idona, kin yi mini dariya, kuma ban ga laifinki ba. Ranar da ragonki ya tsinke, ni da Ubale, wannan da shi ma yake nemanki, muka rufa masa baya. Shi ya kamo ragon, ni kuwa kunyar gonar dawar mutane ta kamo ni na kife. Yanzu na ji ran Alhamis za ki faɗa wa kawunki wanda kika zaɓa. Wayyo ni! Ashe dabba ce za ta yanke mini hukunci?

Ki saurare ni, hasken gidana, ƙarfin ɗan Adam iri biyu ne. Akwai na numfashi: tuwon da na ci, iska tana shiga tana hura shi a hankali kamar zugazugin maƙeri, ya cinye sarai, ba ya barin komai sai zufa da huci. Da shi nake tashi daga Gumel in kai Maigatari in dawo, ina yi wa jakaina waƙa. Akwai kuma na gaggawa, wanda jiki ke fizgowa idan numfashi ya gaza. Zafi gare shi amma ba auki, kuma tsami yake bari. Ai ke ce malamar wannan. Ba rufe gasara kike yi a tukunya, ba iska, ta wayi gari da tsami ba? To, abin da ya sami cinyoyina ke nan. Da ana dama su, da kin sayar da ni kafin hantsi.

Son Ubale na gudu ne. Tambayi maƙwabtansa, tun ranar shi ma da sanda yake zuwa masallaci.

Ban so in faɗi wannan ba, amma Alhamis ta matso kuma tsoro nake ji. Shekarar yunwa, kin tuna taikin geron da kuka tarar a zaurenku, Iyarki ta ce Allah ne ya aiko? Allah ne, amma a kaina Ya ɗora shi, don jakaina na lokacin duk sun mutu. Kwana huɗu na yi a hanya, ban yi gudu ko taki ɗaya ba.

Ba zan taɓa riga kowa zuwa ba, Larai, amma ban taɓa fasa isowa ba. Don Allah ki faɗa wa kawu sunana.

Naki muddin numfashi na shiga yana fita,
Cindo