Abin da Zai Ja Amalanken Baba

Funtuwa,
Oktoba, 1965

Zuwa ga Yayata Lauratu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki Malam Maiwada da yara. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi, ke kuma ya sauke ki lafiya.

Bayan haka, Yaya, ki tanadi goron albishir, amalanken Baba ya haɗu. Gatarin wata tsohuwar lori, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyi, na tsinta a bayan garejin kamfanin gurzar audugar da nake wa aiki. Na ɗora masa tayoyin roba, na sa sifirin yadda ko rami aka faɗa sai dai ya yi lilo. Kafinta ya shimfiɗa katako tsawon mutum a kwance, muka kafa rumfar tamfol da labule gefe da gefe, har da gurbin ajiye tulu. Ɗaki ne sosai, ƙafafu kawai aka yi masa. Mutumin da ɓarin jikinsa ya shanye kamar Baba zai kwanta a ciki daga gidanku na Malumfashi har gonarmu ta bayan Tsiga bai san an yi tafiya ba. Yabon kai jahilci, amma wannan karon ki bar ni in yi.

Saura abin da zai ja shi, nan ma faɗuwa ta zo daidai da zama. Wani Baturen injiniya zai koma ƙasarsu, yana neman rabuwa da Landirobarsa. Kin san tun yaushe nake tari don in mallaki mota tawa ta kaina. Ni nake gyara ta, na san cikinta kamar yunwar cikina. Tana da ƙugiya a baya, ƙarfi kuwa ba a magana, yashi da taɓo duk ɗaya ne a wurinta. In muka tashi da hantsi, kafin azahar Baba yana ƙofar gidansa. Ki gaya masa ya fara shiri.

Ki gai da kowa da kowa. Haza wasalam.

Ƙanenki,
Isyaku

*

Malumfashi,
Oktoba, 1965

Zuwa ga ƙanena Isyaku,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarka ta iso ta hannun Maharazu direba. Muna lafiya. Ka yi haƙuri da rubutuna, ajin yaƙi da jahilci bai koya mana yi wa baƙi ado irin naka ba.

Aikinka ya yi, Allah ya yi maka albarka. Da na karanta wa Baba zancen rumfar har murmushi ya yi da ɓarin bakin da ke motsi. Ina zuwa kan mota sai ya kau da kai.

Ka daɗe a Funtuwa, bari in tuna maka abin da ya sa wannan tafiya ta zama dole. A gidanmu ba a sa wa dawa wuƙa sai babban gida ya yanke zangarniyar farko da hannunsa. In aka yanka ba shi, an lissafa shi cikin matattu ke nan yana numfashi. Ni da kai mun musulunta, shi yana kan hanyar kakanninsa, amma uba uba ne. Ƙanensa Baba Maitama ya aiko cewa dawa ta fara nuna, tsuntsaye kuma sun sauka.

Ka san harshen Baba ya yi nauyi, kalma biyu ma sai da ƙyar. Ranar kuwa ya yi magana mai tsawo. Ya ce, "Gaya wa yaron nan gawa ake ɗauka da sauri. Daga bakin Malumfashi har gida, babu gonar da ban san mai ita ba. In na wuce fuu, ban ce sannu da aiki ba, ba a ce mini yaya jiki ba, me za a ce a kaina, ni Baƙo? Ko Baƙo ya mutu 'ya'yansa sun wuce da shi, ko Baƙo ya haifi masu mota ya daina ganin mutane. Ba wanda nake so a ciki."

Na ce, "Baba, a mota ma ana ɗaga hannu."

Ya ce, "Ɗaga hannu gaisuwar Joji Baturen mulki ce. Ni sai an tambaye ni, na amsa, an ji muryata."

Wallahi Isyaku, ranar na sake ganin Baban da na sani, har hawaye suka zo mini.

Goje yake so ya ja shi, tsohon sansa na huɗa. Yana nan ɗaure a bayan gidanmu, don Baba ya ƙi zaman jinya sai da aka koro masa shi. Matsalar ita ce abokin karkiyarsa ya mutu da damina. Goje ɗan hagu ne, tun yana ɗan maraƙi a hagu aka hore shi, ba zai koyi dama da tsufa ba. Sai ka nemo masa ɗan dama, tsawonsu ɗaya don karkiya ta zauna daidai, kuma wanda bai fi shi sauri ba. Ga igiya nan na ba Maharazu, inda na yi ƙulli nan tozon Goje ya tsaya.

Na san abin da nake roƙonka. Abin da ka tara ba zai sayi mota da sa ba. Ba zan tilasta maka ba, na dai faɗa maka abin da yake so.

Wasalam.

Yayarka,
Lauratu

*

Funtuwa,
Oktoba, 1965

Zuwa ga Yaya Lauratu,

Gaisuwa da girmamawa. Ki gai da Baba, ki ce ɗansa ya ji.

Ba zan yi miki ƙarya ba, da na karanta takardarki na yi fushi. Na wuni ina ɗaure noti ina mita. Mutum ya ƙera amalanke irin wannan, a ce tsohon sa ne zai ja shi! Amma duk inda na juya maganar Baba, sai in ga ba ta da wajen kamawa.

Ranar kasuwa na shiga wajen masu shanu da igiyarki a aljihu. Dillalai suka yi caa a kaina, kowa na nuna mini nasa. Wannan ya ce nasa iska ne, wancan ya ce nasa kafin ka ce kwabo ya huɗe gona. Na ce, "Jama'a, wanda ya fi kowa nawa a kasuwar nan nake nema." Yaya, da kin ji dariya. Wani ya ce, "Malam, ko jaki za a nemo maka?" Wani ya tambaye ni ko rana ce ta buge ni.

Ina shirin fita sai wani dattijon Bafulatani mai suna Buba ya taɓa ni da sandarsa. Ya ce, "Zo, naka yana wajena. Duk wanda ya gan shi sai ya so shi, duk wanda ya gwada shi sai ya maido mini. Ko wuta ka kunna masa a wutsiya ba ya gudu. Amma bai taɓa tsayawa a tsakiyar hawa ba."

Fari ne mai baƙin baki, ƙirji kamar turmi. Na dafa shi bai ko motsa kunne ba. Na auna da igiya, ƙullinki ya faɗi daidai kan tozonsa. Na tsaya ta hagunsa na yi tafiya, sai ya jero ni yana ba ni wuri, na san ɗan dama ne na gaske. Na duba kofato da haƙora yadda Baba ya koya mana, ashe hannu ba ya mantuwa. Sunan da Buba ke kiransa Sanyi, ban ga dalilin canzawa ba.

Landiroba kuwa wani ɗan kasuwar hatsi ya saye ta. Jiya ya wuce ta gaban gareji yana gurza mata inji, raina ya sosu ƙwarai, na shige ciki don kada a ga fuskata. Da na koma gida na tarar da Sanyi yana tuƙa a gindin bishiya ko a jikinsa, sai dariya ta kama ni.

Na samu hutu. Maharazu zai ɗoro mu a lori, ni da Sanyi da amalanke. Sai mun ɗan kwana biyu a wajenku, shi da Goje su saba da juna kafin mu ɗauki Baba.

Haza wasalam.

Ƙanenki,
Isyaku

*

Malumfashi,
Nuwamba, 1965

Isyaku,

Gaisuwa. Da gaggawa nake rubutu, jaririya na cinyata. Har yanzu ina jin haushin wankan jegon nan da ya hana ni binku, ina ji ina gani kuka fita jiya da Baba a rumfarsa kamar ango.

Bayan tafiyarku ɗan aiken Baba Maitama ya iso, ashe kun saɓa hanya. Ya ce tsuntsaye sun yi ɓarna, mutanen gida sun matsa masa. Ran Lahadi da hantsi za su yanka, da Baba ko ba Baba. Kada ka zarge shi, shi ma bakuna da yawa yake ciyarwa, kuma ya jira iya jira.

Malam Maiwada zai biyo ku da keke ya ba ka wannan. Don Allah ka matsa wa shanun. Ni na hana ka mota, in kuka makara ban san da wane ido zan dubi Baba ba.

Allah ya kai ku lafiya.

Lauratu

*

Kan hanya,
ran Asabar

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa, da fatan ke da jaririya kuna lafiya. Malam Maiwada ya cim mana bai sha wuya ba, don ko mai ɗingishi zai cim mana. A gindin wata ɗorawa nake rubuta wannan, shanu na hutun rana. Wani mai keke da zai shiga Malumfashi zai kawo miki. Malam ya ce shi kam sai ya ga ƙarshen abin nan.

Na karanta wa Baba takardarki, na ɗaga bulala. Ya ce, "Ajiye. Ba a dukan mai yi." Na ce, "Baba, za a yanka ba ka." Ya ce, "To a yanka. Amma ba zan wuce mutum a gonarsa in yi kamar ban gan shi ba."

Yaya, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ya sa na naɗe labulen duka, na jingina shi da buhu. Duk gonar da muka zo, kafin mai ita ya ɗago, Baba ya kira sunansa. Sai ki ga mutum ya yar da abin hannunsa ya taho da gudu. "Baƙo! Ashe kana nan?" Shi kuwa ya ce, "Ina nan, mutuwa ta zo ta tarar ina da aiki." A tambayi jiki, a tambayi gida, a tambayi Goje, a yaba Sanyi. Ya san wanda ya yi wa gayya shekarun baya, ya san wanda ya ba irin dawa lokacin fari. Kowa kuma kafin mu rabu sai Baba ya ce masa, "Lahadi yankan dawata."

Wata tsohuwa, Gwaggo Tasalla, ta tare mu da ƙwaryar fura tana kuka. Ta ce an gaya mata ya rasu tun da damina, har ta yi zaman makokinta ita kaɗai. Baba ya ce, "To ki riƙe, na ci bashin kuka ɗaya." Ta kai masa duka a ƙafa tana dariya.

Shanun nan kuwa, Allah ya yi musu albarka. Goje da kansa yake tsayawa in ya ji an yi sallama, Sanyi ya tsaya tare da shi, ba fizga ba girgiza. Da muka zo rafin nan mai yashi, tayoyi suka nutse, na ce yau mun kwana. Sanyi ya sunkuyar da kai, Goje ya bi, suka yi ta takawa a hankali har muka hau tudu. Ruwan tulu ko ɗigo bai zuba ba.

Ga abin da ban zata ba. Mutane sun fara bin mu. Da farko wani tsoho ne ya ce zai taka mana, sai ga 'ya'yansa da wuƙaƙen yankan dawa, sai ga wani da ganga. Yanzu in na waiwaya ba na ganin ƙarshensu. Sai dai yawan mutane yawan gaisuwa, ga rana ta karkata, ko Tsiga ba mu kai ba. Na so in tura Malam Maiwada gaba ya roƙi Baba Maitama, Baba ya hana. Ya ce babba ba ya aika wa ƙanensa roƙo a kan gonarsa.

Ina tsoron mu makara, Yaya. Amma kada ki zargi kanki, ko mun makara ban yi da-na-sanin Sanyi ba. Ki yi mana addu'a.

Ƙanenki,
Isyaku

*

Gida,
ran Litinin

Yaya Lauratu,

Gaisuwa. Mun makara, jiya Lahadi rana ta take tsaka kafin mu iso. Muka tarar da Baba Maitama tsaye a bakin gona da wuƙa a hannu, mutanen gida na bayansa, ba a taɓa ko kara ɗaya ba. Ya ce tun hantsi ya ɗaga wuƙar sai ya jiyo ganga daga nesa, hannunsa ya ƙi sauka. Ya zo ya durƙusa, ya miƙa wa Baba ita.

Na kora shanu har cikin dawa. A nan muka ga abin da duk cikinmu ba wanda ya tuna. Yankan zangarniya aikin hannu biyu ne, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya yanka. Baba ya miƙa wuƙa, karan ya kauce. Ya sake, ya kauce.

Sai ya dube ni ya ce, "Lanƙwaso mini, ɗana."

Na lanƙwaso, ya yanka da hannunsa. Mata suka rangaɗa guɗa, jama'ar da suka biyo mu suka afka gona, kafin faɗuwar rana an gama.

Ga zangarniyar nan Malam Maiwada zai kawo miki. Baba ya ce a dama wa mai jego kunu da ita.

Wasalam.

Isyaku