Miyar Lami a Ƙofar Gida

Sabon Birni, ranar Laraba

Zuwa ga ɗiyata Ni'imatullahi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah wannan takarda ta iske ki lafiya, ke da maigidanki da yara, da marasa lafiyar da kike jinya can Zariya. Allah ya ba su sauƙi ta hannunki, ya tsare ki daga ɗaukar cutar kowa. Mu nan lafiya lau, sai godiya. An yanke gero, dawa ma ta kusa, ko da yake gonar nesa ba mu taɓa ta ba bana saboda halin rashin tsaron da kika sani. Wanki Jabir yana nan yana bin kasuwar garin Isa, matarsa ta yi nauyi, muna sauraron ikon Allah.

Na zaɓi in rubuto maki maimakon in kira ki, don in kina magana kan ciwon Babanki da sauri kike yi irin na ma'aikatan asibiti, ni kuma sai in yi ta cewa to, to, har layi ya yanke maganata tana cikina. Da biro kuwa, tun da Allah ya nufa na koya ko da girma ya zo, ba mai katse ni. Ki daure ki karanta har ƙarshe kafin ki yi fushi, don na saɓa maki a kan abu guda.

Kin tuna da muka dawo da shi daga Sakkwato, likita ya ce hawan jini ne, a rage mashi gishiri da dunƙulen miya. Ke kuma kika ƙara da cewa ya daina fita ciyayya, don ba mu san abin da matan wasu gidaje ke zubawa a tukunya ba. Gaskiya kika faɗa. Amma ciyayyar nan kin tashi kin iske ta: ana sallame magariba a shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gidanmu, kowane magidanci ya fito da kwanon gidansa, a sa a tsakiya, a ci wannan a jawo wancan. Shi da Malam Maliki da Shafi'u mai gyaran keke tun suna da baƙin gemu suke cin ta, sannan Sodangi ya shigo cikinsu da ya baro Gatawa. Na faɗa wa Babanki abin da kika ce. Bai yi gardama ba. Ya ce ke kika yi karatun, shi mai bi ne.

To, na dinga yi mashi tasa miyar dabam, ina kai mashi ɗaki. Abokansa kuma, don kada ya riƙa jin dariyarsu ransa ya sosu, sai suka ɗauke tabarmar suka mayar ƙofar gidan Malam Maliki. Da nufin alheri suka yi, amma shirun da ƙofar gidanmu ta yi ya fi dariyar yi mashi ciwo. Sai ya yi loma kaɗan ya ture kwano ya ce ya ƙoshi. Na canza kuka zuwa kuɓewa, na canza kuɓewa zuwa sure, na zauna gabansa ina ci don ya ci, sai ya ce in tashi in ci da jikokina, kada in takura kaina. Wandonsa ya fara zamewa, har sai da na rage mashi mazagi. Abin da ya tsinka mani zuciya shi ne ranar da na iske shi ya fito da manyan rigunansa daga akwati yana dubawa, yana cewa wannan za ta yi wa Jabir, wannan kuma a ba Sodangi. Na koma madafi na zauna, tuwo na ƙonewa ina kallo.

Washegari na haɗu da Sadiya matar Malam Maliki wurin niƙa, ta ce ai nata maigidan ma kwanonsa da saura yake dawowa, wai ciyayyar ta zama kamar zaman makoki. Nan na yi ƙarfin hali na faɗa mata abin da ke raina: in matan gidajen za su yarda, kowace ta ɗebi miyar maza a gefe kafin ta zuba gishiri da dunƙule, ta gyara ta da daddawa da albasa da citta, ɗan gishirin da za a sa bai wuce a taɓa da yatsa ba. Ban ɗauka ƙaramin abu nake roƙo ba. Kin san kwanon ciyayya shi ne fuskar mace a waje. Maza ba sa faɗin sunanmu, amma sun san murfin kowane gida, kuma miyar da ta fita lami sai an ji labarinta har bakin rijiya. Sadiya ta yi dariya ta ce ita ta tsufa da neman yabo. Surukar Sodangi, wadda ke yi mashi girki tun rasuwar matarsa, ta ce ba komai. Nusaiba amaryar Shafi'u ce idonta ya kawo ruwa, ta ce ita ko shekara ba ta yi ba, za a ce gidansu ba a koya mata girki ba. Sadiya ta ce mata in duk kwanonin lami ne, wa za a nuna da yatsa? In za a zagi wata, a fara da tsofaffi. Da haka ta yarda, Allah ya saka wa yarinyar nan da alheri.

Sadiya ta sa maigidanta ya dawo da tabarma ƙofarmu, ba ta gaya mashi dalili ba. Da aka yi magariba na leƙa ɗakin Babanki na ce yau tuwonsa yana waje, in yana so ya bi shi. Ya dube ni ya ce Ni'ima fa? Na ce ni za ni yi maki bayani. Ya ɗauki hularsa da sauri kamar ana kiransa.

Na laɓe a zaure ina saurare. Kwanon farko namu ne, suka ci ba ƙorafi, don sun san dalili. Da aka buɗe na biyu, na ji Shafi'u yana tambaya ko motar gishiri ce ta lalace a hanyar Maraɗi. Aka yi dariya. Da aka jawo na uku, na gidan Shafi'u kansa, ya ɗanɗana, sai dariyar ta tsaya. Can na ji muryar Babanki ƙasa-ƙasa yana cewa ya gane, aikin mata ne, kuma shi ba zai zama sanadin da magidanta za su wuni suna wahala su dawo su ci lami ba, su yi haƙuri zai koma ciki. Na ji motsin takalminsa. Sai Sodangi, wanda kin san ba mai yawan magana ba ne, ya ce: "Na baro rumbuna cike a Gatawa ban mutu ba, gishiri ne zai kashe ni? Na rasa mutanen da nake ci da su sau ɗaya, ya ishe ni. Zauna ka ci."

Ya zauna. Shafi'u ya ce to shi dai za a ji shi, kullum sai ya yi ƙorafi, kuma ya cika alkawari, har yau bai fasa ba. An ce yana zuwa da ƙullin gishiri a aljihu yana barbaɗawa a gefensa kaɗai, in ya miƙa hannu ya wuce iyaka Sodangi ya buge hannun. Kwanonmu kuwa ranar ya dawo an suɗe shi tas, na daɗe ina riƙe da shi kafin in wanke.

Ban ce hankalina ya kwanta ba, Ni'ima. Yana shan maganinsa a gabana kowace safiya, kuma ranar kasuwa an auna shi an ce jinin bai hau ba, amma ni ba likita ba ce. Ki gaya mani, kanwar da muke sa wa kuka da kuɓewa tana cikin abin da aka hana? Man shanu fa? Ranar da wata ta manta ta zuba gishiri, ko aka kawo abincin suna, mi za ni yi? Duk abin da kika ce a cire daga tukunya za ni bi gida gida in faɗa, matan sun ce a shirye suke. Abu guda nake roƙonki, kada ki ce ya koma ci a ɗaki. Na ga abin da gishiri ke yi mashi, na kuma ga abin da ɗakin ya yi mashi, ɗakin ya fi sauri.

Ke ma, da kika ce wani lokaci in an tashi aiki kuna zuwa gidan abinci da abokan aikinki, na yi maki faɗa na ce ɓarna ce, mace da tukunyarta. Na janye. Ki je, ya fi mani da ki ci a tsaye ke kaɗai a bakin gadon mara lafiya.

Ki gaida maigidanki Abdulrasheed, ki shafa mani kan Hafizullahi da ƙanwarsa. Jabir da matarsa suna gaishe ki, haka Sadiya da Nusaiba, wadda ta ce in tambaye ki ko tafarnuwa tana da laifi. Babanki ya san ina rubuta wannan takarda. Na tambaye shi saƙonsa, ya ce in ce maki ya mayar da rigunan cikin akwati, kuma in kwance mazagin da na rage, ya fara matse shi.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce innarki,
Tani