Muryar Malam Haliru Ranar Laraba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban gidan rediyon da ke watsa shirin karatun littattafai na yammacin Laraba.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ranka ya daɗe, sunana Rabi'atu, ni ce matar Malam Haliru na Gwandu, mai gabatar da wannan shiri. A wurinku har gobe yana gabatarwa. A wurinmu kuwa ya rasu tun farkon daminar bara, an yi masa sutura, na yi takaba na fita. Ban so na baza maganar nan a idon jama'a ba. Na tura yayana Umaru ofishinku, aka ce masa kana taro. Ya koma, wani ma'aikacinku ya tare shi a bakin ƙofa ya ce masa masu sauraro suna son shirin, babu dalilin taɓa shi. To ga ni na zo da kaina ta wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa, inda za ka ji.

Na farko, bari na faɗa maka abin da kake watsawa, don ina zaton ba ka taɓa zama ka saurara ba. Malam ba karatu kawai yake yi a shirin ba. Yana da littattafai a zauren gidanmu, cike da akwatuna da kantoci, yana bayar da aro ga duk wanda ya zo. Sharaɗinsa ɗaya ne: in ka dawo da littafi, sai ka faɗi sunan wanda kake ganin ya kamata ya karanta bayanka. Shi kuma ranar Laraba, in ya gama karatu, sai ya kira wannan mutumin ta rediyo. Za ka ji ya ce, "Wane na Maruda, an ce kai ne na gaba. Ka taho Gwandu, littafinka na jiranka." Da haka littafi ɗaya kan zaga ƙauyuka har bangonsa ya zama tsumma, ya kawo mini na ɗinke masa da zare. Na sha yi masa tsiya cewa telar littafi ya auro, ba mata ba.

Ni kaina ta hannunsa na kamu da son karatu. Da aka kawo ni gidan, karatuna bai wuce na makarantar da na bari ba. Ya miƙo mini wani littafi mai koren bango, labarin wani masunci da ruwa ya cinye masa jirgi ya ƙi barin bakin gulbi. Na ƙone miya saboda littafin nan, kuma ban yi nadama ba. Daga nan ya ba ni na wata ungozoma da ta tsufa a garin da kowa ita ta yanke masa cibiya. Shi na fi so har yau. In Allah ya kawo ka Gwandu, ranka ya daɗe, zan ba ka aronsa, don akwai abin da yake koya wa mutum game da haƙƙin waɗanda ba su da bakin magana. Ka ga dai ba maƙiyar shirin ce ta rubuto maka ba.

Na biyu, kuna maimaita tsofaffin shirye-shiryensa ba tare da ko kalma ɗaya da za ta nuna cewa mai maganar ya rasu ba. Babu "marigayi", babu "Allah ya jiƙansa". Da tallan takin zamani ya ƙare sai kawai a ji sallamarsa, kamar yanzu ya cire takalmi ya zauna. Sanarwar rasuwarsa sau ɗaya kuka yi, da safe, lokacin da mutanen karkara suna gona ko sun fita kiwo. Da yawa ba su ji ba. Waɗanda suka ji ma, da muryar ta ci gaba da fita kowane mako, sai suka ɗauka wani Halirun ne ya rasu.

Saboda haka mutane suna zuwa. Ana kiran sunansu, suna amsawa. Wani dattijo makiyayi, Baffa Jabbi, daga wata ruga a bayan Dalijan, wanda ya koyi karatun boko da furfurarsa saboda shirin nan, ya yi sallama a ƙofarmu da ƙwaryar nono da littafi a naɗe cikin rawaninsa. Na aika a ce masa Malam ya rasu. Ya ƙi yarda, sai da na fito da mayafina na faɗa masa da bakina. Ya dube ni ya ce, "Haba ɗiyata, shekaranjiya munka ji shi. Sunana ya kira, ni da kunnena." Na ce masa tsohuwar murya ce, ta bara. Ya tsuguna a jikin bangon zaure, sannan ya tambaye ni wa zai ba littafin. Ranka ya daɗe, ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda ya zo ni ce mai faɗa masa, kuma duk wanda na faɗa wa sabuwar mutuwa ce a wurinsa. Ya yi salati, ya yi kuka, ya yi mini ta'aziyya, ni kuma na koma ciki da ita ɗanya.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Cikin waɗanda yake kira har da wani Malam Tukur na Dangoma, wanda shi ma Allah ya karɓi abinsa bayan Malam da 'yan watanni. Iyalinsa suna zaune a tsakar gida suka ji mamaci yana kiran mamacinsu, yana ce masa ya taho ana jiransa. Matarsa ta aiko mini da saƙo cewa tun ranar ba ta ƙara yarda an kunna rediyo a gidan ba. Ban san amsar da zan ba ta ba. Ko kai kana da ita?

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Abin da kuka adana na watanninsa na ƙarshe ne, kuma kuna sa su bi da bi yadda aka ɗauka. A na farko-farko muryarsa garau take, yana dariya, yana kwaikwayon maganar mutanen cikin labari. Sai a hankali tari ya shigo. Sai ya fara tsayawa a tsakiyar jimla. Akwai inda ake jin ƙarar murfin gorar ruwan zafin da nake dafa masa da citta, yana buɗewa ya kurɓa ya ce a yi masa haƙuri. Mai sauraro ba zai lura ba. Ni kuwa na san kowane tari, na san makon da muka fara zuwa asibiti, na san makon da ya daina cin tuwo. A na ƙarshe da ƙyar numfashinsa yake kai shi ƙarshen shafi, amma ya daure ya ce sai Laraba mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah bai kai shi ba.

To me kuka yi da Larabar ta zo? Kun koma na farko. Na ji mijina ya warke sarai yana dariya. Wallahi ranar sai da na zauna a ƙasa. Daga nan kuma na bi shi mako-mako yana sake kamuwa, yana sake ramewa a kunnena, har ya sake kaiwa bakin kabari, kuka sake tayar da shi. Sau biyu ke nan ina jinyar mutumin da na riga na ga an fita da shi a makara.

Za ka ce na kashe rediyona. Na kashe, na ma bayar da shi. Amma katangarmu ba ta tare murya, kuma maƙwabtanmu suna ƙaunarsa, ba zan hana su ba. Na tattara na tafi Kalgo gidan Yaya Umaru don na samu sarari. Ina sauka a tasha, ranar Laraba ce ban lura ba, sai ga shi daga rumfar mai shayi yana cewa a gyara zama za a fara. Na tsaya da jakata a hannu, masu babur suna ta yi mini magana, ban iya gaba ba ban iya baya ba har ya kai aya. Na gane babu inda zan je a ƙasar nan da ba ku riga ni isa ba, sai na dawo ɗakina. Yanzu tun daga Talata nake fara jin tsoro, tsoron muryar da na fi so a duniya.

Ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe, kuma ba kuɗi ba ne. Kada ku kashe shirin. Akwai matasa a Gwandu da Kalgo da suka tashi a zauren nan, sun iya karatu da murya mai daɗi, a ba ɗayansu kujerar. Littattafan suna nan, ƙofar a buɗe take, zan ci gaba da ɗinke duk wanda ya yage. A kira rayayyu su zo su karɓa. In kuma wata rana kuna son sa muryar Malam don tunawa, ku fara da cewa marigayi ne, ku nema masa addu'a, ku cire wurin kiran sunaye.

Amma roƙona na gaggawa shi ne wannan. A shirin makon jiya tarin ya dawo. Na san inda muka dosa, saura 'yan makonni a kai na ƙarshen. Ku bari ya kai, ba zan hana ba, zan ma zauna na saurara har ya rufe littafin. Idan ya ce sai Laraba mai zuwa, ina so wani daga cikinku ya buɗe baki ya faɗa wa jama'ar Dalijan da Maruda da Dangoma gaskiya: Malam Haliru bai ga wannan Larabar ba, Allah ya yi masa rasuwa. A faɗa a lokacin shirin, da muryar mai rai, kowa ya ji tare, a yi masa Fatiha. Daga nan kada ku koma na farko. Na yi haƙuri da hukuncin Allah da ya ɗauke shi sau ɗaya. Ba ni da ƙarfin da zan sake jin ya warke.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya yi riƙo da hannunka a kan wannan kujera, ya jiƙan magabatanka. Ranar da taka ta zo bayan tsawon rai, Allah ya sa a bar iyalinka su yi kukanka su gama.

Wassalam.

Rabi'atu, matar marigayi Malam Haliru,
Gwandu.